Kundin hotuna na intanet

Kundin hotuna na intanet tarin hotuna ne da mutum ke ajiyewa a kwamfutocin wani kamfani, ya raɗa musu suna ɗaya, sannan ya buɗe wa waɗanda ya zaɓa su kalla ta waya ko ta kwamfuta. Wasu na ce masa albam. Ya bambanta da hoton da ake turawa cikin saƙo, domin shi kundi yana zaune wuri ɗaya, mai shi na iya ƙara masa ko ya rage, kuma duk mai izini zai ga sauyin. Ya kuma bambanta da ma'ajiyar hotuna, wadda aikinta tsare asalin hoto kada ya ɓace. Manyan kamfanonin yau sun haɗe ayyukan biyu a manhaja guda, shi ya sa mutane da dama ke ɗaukar su abu ɗaya.

Asali

Kundin takarda ya yaɗu a Turai daga ƙarshen shekarun 1850, bayan da mai ɗaukar hoto Disdéri ya yi rajistar wata hanya a Faransa a 1854 ta fitar da ƙananan hotuna masu girman kati. Mutane suka riƙa musayar su, aka shiga ƙera littattafai masu aljihu don jera su. Kyamarar Kodak ta 1888, da Brownie ta 1900 wadda aka sayar dala ɗaya a Amurka, su suka mayar da ɗaukar hoto abin da kowane gida zai iya. Amma kundin takarda kwafi ɗaya ne. Mai son gani sai ya zo inda yake, ko a sake wanko hoton a aika masa ta gidan waya.

Tsarin JPEG, wanda aka kammala a 1992, ya matse hoto har ya iya wucewa ta layin tarho na wancan lokaci. A watan Yunin 1997 injiniya Philippe Kahn ya haɗa kyamara da wayar hannu da ƙaramar kwamfuta a wani asibiti a Kalifoniya, ya aika hoton jaririyarsa ga 'yan uwa da abokai kimanin 2,000. Ana yawan ambaton wannan a matsayin farkon raba hoto nan take daga waya. Wayoyi masu kyamara sun shiga kasuwar Japan tsakanin 1999 da 2000.

Kamfanonin wankin hoto

Shafukan farko da suka samu karɓuwa sun taso ne daga sana'ar wanke hoto. Ofoto da Shutterfly sun fara a 1999, Snapfish kuma wajajen 2000, duk a Amurka. Ajiya kyauta ce, kuɗin na fitowa ne idan mai kundi ko danginsa suka yi odar hotunan a takarda. Saboda haka aka gina shafukan yadda za su ja mai kallo zuwa saye: hoton da ke kan allo ƙarami ne, sauke asalinsa na da wuya ko ma sai an biya, kuma sau da yawa ba a barin baƙo ya leƙa sai ya buɗe asusu. Kodak ta sayi Ofoto a 2001, daga baya ta sa masa sunanta. Kamfanin kwamfuta na HP ya sayi Snapfish a 2005.

SmugMug, wanda wani uba da ɗansa, Chris da Don MacAskill, suka kafa a 2002, ya ɗauki wata hanya dabam: mai kundi ya biya kuɗin shekara, a bar masa hotunansa da cikakken girma ba talla. Ƙwararrun masu ɗaukar hoto ne suka fi rungumar sa.

Flickr da Picasa

Flickr ya fito a watan Fabrairun 2004 daga wani ƙaramin kamfani a Kanada mai suna Ludicorp, ƙarƙashin Stewart Butterfield da Caterina Fake. Wasan kwamfuta suke ginawa, sashen musayar hoto na cikinsa ya fi wasan farin jini, sai suka ajiye wasan. Abubuwa da dama da yanzu ake gani kamar dama can haka suke, Flickr ne ya yaɗa su. Akwai liƙa wa hoto kalmomin da za a nemo shi da su, da barin hoto ɗaya ya shiga kundi fiye da ɗaya ba tare da an sake ɗora shi ba, da raba masu kallo gida uku, wato iyali da abokai da kowa da kowa. Ya kuma ba mai hoto damar sa lasisin Creative Commons, wanda ke fayyace wa jama'a abin da aka yarda su yi da hoton. Yahoo ta saye shi a watan Maris na 2005. Rahotanni sun sha bamban kan kuɗin. A 2008 Flickr ya haɗa kai da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka wajen fitar da tsofaffin hotunan tarihi, jama'a suka taimaka wajen gano mutane da wuraren da ke ciki.

Picasa manhajar kwamfuta ce ta tsara hotuna, Google ta saye ta a 2004, ta kuma buɗe mata kundin intanet a 2006. Mutum zai tsara hotunansa a kan kwamfutarsa, ya danna maɓalli ɗaya kundin ya hau. Asalin hotunan na nan a hannunsa, abin da ke intanet kwafi ne kawai. Masu amfani da ita sun daɗe suna yabon wannan tsari, har bayan Google ta dakatar da ita a 2016.

Facebook ya ƙara sashen hotuna a watan Oktoban 2005. Ingancin hotunan bai kai na Flickr ba, amma ya zo da sanya sunan mutum a kan fuskarsa, kuma masu kallon dama suna can. Cikin 'yan shekaru ya zama wurin da aka fi tara hotuna a intanet. Instagram, wanda ya fito a 2010 kuma Facebook ya saya a 2012 kan kimanin dala biliyan ɗaya, ya karkata ne ga hoto ɗaya ɗaya da ke wucewa, ba kundin da ake komawa ba.

Rufewa da sauyin sharaɗi

Kaso mai tsoka na tarihin wannan fanni labarin shafukan da suka rufe ne, ko suka sauya alkawari. Yahoo ta rufe tsohon shafinta na hotuna a 2007, ta ce wa mutane su koma Flickr ko wani wuri. A 2009 shafin Kodak ya shardanta cewa duk wanda bai yi sayayya ta wani adadi a shekara ba, ana iya share hotunansa. Kodak ta nemi kariyar fatara a watan Janairun 2012, aka sayar wa Shutterfly shafin kan kusan dala miliyan 24. A shekarar ce kuma Apple ta rufe kundin hotunanta na intanet da ke cikin hidimar MobileMe.

Abin da ya faru da Photobucket ya fi kowanne taɓa waɗanda ba su da asusu a can. Tun 2003 mutane ke ajiye hoto a shafin, su manna adireshinsa a wasu shafuka, hoton ya bayyana can. A tsakiyar 2017 kamfanin ya ce wannan hidima sai an biya dala 399 a shekara. Dare ɗaya, bayanan gyaran mota da na ɗinki da tallan kaya da aka rubuta tun shekaru goma suka rasa hotunansu. Mai karatu zai ga an ce "duba inda kibiya ta nuna", ya duba ƙasa ya tarar da allon neman kuɗi. An rage farashin daga baya, amma yawancin masu hotunan sun riga sun watse.

A 2013 Flickr ya ba kowa wurin ajiya na terabait ɗaya, wato gigabait dubu, kyauta. SmugMug ya saye shi a 2018, ya mayar da iyakar asusun kyauta hoto 1,000, yana mai cewa tsohon tsarin ba zai ɗore ba. A 2019 tsohon shafin zumunta na MySpace ya sanar cewa fayilolin da aka ɗora a shekarunsa na farko sun lalace wajen sauya kwamfutocin ajiya. Google Photos, wanda ya fara a watan Mayun 2015 da ajiya marar iyaka ga hotunan da ba su wuce megafiksel 16 ba, ya janye wannan tayi daga 1 ga Yunin 2021. Tun daga nan sabbin hotuna na cin gigabait 15 ɗin da asusun ke rabawa da Gmail da Drive. Google ta kuma ce daga Disambar 2023 tana iya share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Yadda yake aiki

Idan aka ɗora hoto, shafin na yin kwafinsa a girma daban-daban, ya nuna wa kowane allo wanda ya dace da shi. Kundin kansa jerin sunaye ne da ke nuni ga hotunan, tare da bayanin wanda aka yarda ya gani.

Zaɓen shafi

Sauƙin shafi ana fara auna shi ne daga wajen mai kallo, domin mai ɗorawa mutum ɗaya ne kuma ya saba da manhajarsa, masu kallo kuwa suna da wayoyi iri-iri da ƙwarewa iri-iri. Dattijon da aka turo wa adireshin kundi, ya danna, aka ce ya rubuta imel, ya ƙirƙiro kalmar sirri, ya jira lambar tabbatarwa, yawanci a nan yake tsayawa. Kundin Google Photos na buɗuwa ga duk mai adireshin ba tare da asusu ba, sai idan yana son ƙara hoto ko yin sharhi. Kundin haɗaka na Apple na aiki lafiya tsakanin masu iPhone. Mai wayar Android kuwa sai an kunna masa shafin kallo na kowa da kowa, kuma ba zai iya ƙara komai ba. Flickr na da takardar izinin baƙo, wadda ke buɗe kundin sirri ga wanda ba memba ba, sai dai tun 2022 asusun kyauta ba ya riƙe hoton sirri fiye da 50.

Sai ingancin hoto. Kundin haɗaka na Apple na ɗaukar hoto da bidiyo har 5,000 ba tare da cin ma'ajiyar mutum ba, amma yana rage hoto zuwa fiksel 2,048 a ɓangarensa mai tsawo. A allon waya ba a ganin bambanci, sai an zo buga shi babba a takarda. Facebook da WhatsApp ma na matse hoto. A WhatsApp tura shi a matsayin fayil na barin sa yadda yake. Amazon Photos na ajiye cikakken girma ba iyaka ga masu biyan kuɗin zama memba na Amazon Prime a wasu ƙasashe. Dropbox da OneDrive ba sa taɓa fayil, sai dai abin da mai kallo ke gani ya fi kama da jakar takardu, kuma ajiyar kyauta gigabait 2 ce a Dropbox, 5 a OneDrive.

Idan mutane da yawa ne suka ɗauki hoto a taro ɗaya, abin dubawa shi ne ko kowa na iya zuba nasa a kundi guda, da kuma wanda ke da ikon cirewa.

Abin da aka fi mantawa shi ne hanyar fita. Kusan kowane shafi na barin a sauke hotuna, amma tsarin kundi da sharhin mutane da bayanin da aka rubuta ƙarƙashin hoto ba kasafai suke biyo baya yadda suke ba. Google Takeout, hanyar kwashe bayanai daga asusun Google, misali, na fitar da irin waɗannan bayanai a ƙananan fayiloli dabam da hotunan, mutum ya tarar da dubban fayiloli da zai haɗa da kansa ko da wata manhaja. Masu adana kayan tarihi na ba da shawarar a riƙe kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam.

Sirri

Adireshin kundi kamar mabuɗin ɗaki yake: duk hannun da ya faɗa, ƙofa ta buɗu. Wanda aka tura wa na iya tura wa wani, mai kundi bai sani ba. Gayyata ta asusu ta fi tsaro, ita ce kuma ta fi wahalar da mai kallo. Ko an rufe kundi daga baya, abin da aka riga aka sauke ya fita.

Hoton waya na ɗauke da bayanan da ba a gani a fuskarsa, a tsarin da ake kira Exif: irin wayar, rana da sa'a, da wurin da aka tsaya idan an kunna na'urar gano wuri. A 2012 irin wannan bayani a hoton wata mujalla ya tona cewa John McAfee, ɗan kasuwar manhajar kwamfuta da hukumomin ƙasar Belize ke nema, yana Gwatamala. Manyan shafukan zumunta na goge bayanan daga kwafin da jama'a ke saukewa, shafukan ajiyar fayil kuwa suna barin su.

Gane fuska ya jawo shari'a. Facebook ya amince ya biya dala miliyan 650 kan ƙarar da aka shigar ƙarƙashin dokar jihar Illinois, sannan a Nuwambar 2021 ya ce zai share bayanan fuskokin mutum fiye da biliyan ɗaya. A 2019 an bayyana cewa an yi amfani da hotunan Flickr masu lasisin Creative Commons wajen horar da manhajojin gane fuska. Ana saɓani kan ko lasisin ya halatta haka. Hotunan yara ma ana muhawara a kansu, kuma Faransa ta yi doka a 2024 da ta ɗora wa iyaye nauyin kare haƙƙin hoton 'ya'yansu.

Yawancin manyan shafuka na riƙe da mabuɗin hotunan da ke wajensu, wato suna iya buɗe su. Wata manhaja mai suna Ente na cikin ƙalilan da ke kulle hoto tun daga wayar mai shi, ta yadda kamfanin kansa ba ya iya gani.

Ajiye kundi a kwamfutar kai

Akwai manhajoji kyauta da mutum ke girkawa a kwamfutarsa ya zama shi ne mai shafin, irin su Piwigo, wanda ya samo asali a 2002, da Nextcloud na 2016, da Immich na baya-bayan nan. Ba wanda zai sauya masa sharaɗi, amma gyara da tsaro da ajiye kwafi duk suna wuyansa.

Sauya sheƙa tsakanin shafuka

Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, ta ba mutum haƙƙin karɓar bayanansa ya kai wani wuri. A shekarar ce wasu manyan kamfanoni, ciki har da Google da Facebook da Microsoft, suka sanar da aikin haɗin gwiwa kan haka. Facebook ya fara barin a kwashe hotuna kai tsaye zuwa Google Photos a ƙarshen 2019, Apple ta buɗe irin wannan hanya daga ma'ajiyarta ta iCloud a 2021, Google kuma ta buɗe ta komawa iCloud a 2024.