Arhar haya ba ita ce sauƙin zama ba

An daɗe ana faɗa wa wanda aiki ya kawo Birnin Kebbi cewa ya kama gidan da ya fi arhar haya, sauran mai sauƙi ne. Wannan shawara ta jefa mutane da yawa cikin wahala. Haya sau ɗaya ake biya a shekara, ruwa da kuɗin abin hawa kuwa kullum ne.

Gidan da babu rijiya babu famfo, 'yan garuwa ne za su cinye ɗan abin da ka rage. Mai aiki a Jami'ar Tarayya da ke hanyar Kalgo, in ya sauka can ɗaya gefen gari, kuɗin kabu-kabu kaɗai ya ishe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne damina. Sau da yawa da rani ake duba gida, ƙasa a bushe, komai tsaf. Alhali garin yana gab da fadamar Rima, kuma ambaliyar 2020 ba ta bar jihar nan da daɗi ba. Ka sunkuya ka dubi gindin katanga: in akwai tabon ruwa, fenti ya ɓare, siminti yana zuba, to ruwa ya taɓa kwana a wurin. Ba kowane dillali zai gaya maka ba. Tambayi mai shagon layin yadda hanyar take a watan Agusta.