Yaron da ake cewa "ba ya jin magana"

"Na yi faɗa, na yi duka, na yi lallashi, duk a banza." Kusan duk uwar da ta kawo mana kukan yaro mai ƙiriniya da haka take farawa. Idan muka tambaye ta yaushe rabon da ta yaba masa, galibi sai ta yi shiru.

Yaro na bukatar hankalin iyayensa a kansa kamar yadda yake bukatar abinci. Yana zaune lafiya yana wasa, ba wanda ya ko kalle shi. Da ya fasa kofi ko ya mari ƙaninsa, sai gida ya tashi. To ya gane ɓarna ce ke sa a dube shi, domin a wurinsa tsawa ma kulawa ce. Sai a juya lamarin. Ya ajiye takalminsa inda ya dace, a faɗa masa nan take: "Madalla, ka ajiye takalminka da kanka." Cewa "yaron kirki" kawai bai nuna masa abin da zai maimaita ba. A kuma ware masa 'yan mintuna kullum, shi kaɗai, waya a ajiye, shi zai zaɓi wasan. Iyaye kan raina wannan, alhali shi ke sa sauran dabarun su yi aiki.

Umarni ma da yadda ake ba da shi. Ƙwala kira daga wani ɗaki ba ya shiga. A matso, a durƙusa, a kira sunansa, a faɗi abu ɗaya, kuma abin da ake so ya yi: "Zo ka zauna nan" ya fi "daina".

Birgima da ihu tsakanin shekara 1 zuwa 3 ba ciwo ba ne, kuma sukan ragu wajen shekara 4. Abin da ke zaunar da su shi ne a ce a'a, yaro ya yi ta kuka, a gaji a miƙa masa. Gobe zai ƙara tsawon kukan. Ranar da aka fara tsayawa kan magana, rigimar kan ƙaru tukuna kafin ta lafa, kuma a nan iyaye da yawa ke sarewa. Idan uwa ta hana uba ya bayar, aikin ya rushe.

Duka fa? A 2024 UNICEF, hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce kusan yara miliyan 400 'yan ƙasa da shekara 5, wato 6 cikin 10, suna shan duka ko tsangwama a gida a kai a kai. Bulala na tsayar da yaro na ɗan lokaci, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tana ƙara masa faɗa da zafin rai. Horon da ke koyarwa gajere ne, mai alaƙa da laifin: ya yi jifa da abin wasa, a ɗauke abin wasan na ɗan lokaci, ba zagi.

A duba barci kuma. Ɗan shekara 3 zuwa 5 na bukatar awa 10 zuwa 13, ɗan 6 zuwa 12 kuwa awa 9 zuwa 12. Yaron da barci bai ishe shi ba sau da yawa rigima yake yi maimakon gyangyaɗi.

Wani kuma ba taurin kai ba ne sam. Akwai wanda kunnensa ne ba ya ji sosai, akwai wanda wata irin farfaɗiya ke sa ya ɗauke wuta na 'yan daƙiƙoƙi. Kimanin yara 5 cikin 100 na da larurar ADHD, ta rashin natsuwa da kasa tattara hankali. Idan halin ya wuce wata 6 kuma ana ganinsa a gida da makaranta, a kai shi a duba. Amma yaron da ya sauya farat ɗaya, ya koma fitsarin kwance, yana tsoron wani mutum, ko yana ji wa kansa ciwo, kada a jira. A tambaye shi a hankali ba tare da tsawa ba, a kai shi asibiti da wuri.