Tallafin Karatu na Chevening

Chevening shiri ne na gwamnatin Birtaniya da ke ɗaukar nauyin 'yan ƙasashen waje su yi digiri na biyu na shekara ɗaya a jami'o'in ƙasar. An kafa shi a 1983 a ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje, sai a 1994 aka raɗa masa sunan Chevening, wani tsohon gida da ke yankin Kent wanda ministan harkokin waje yake amfani da shi. Ana karɓar masu nema daga ƙasashe da yankuna sama da 160, ciki har da Najeriya da Gana. 'Yan Amurka da na Tarayyar Turai ba sa ciki. Dubun dubatar mutane ke nema duk shekara, waɗanda ake ɗauka kuwa dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ne.

Abin da ake biya

Tallafin ya haɗa da kuɗin makaranta, alawus na wata-wata, tikitin jirgi na zuwa da dawowa, kuɗin biza, da ɗan abin sauka da na komawa gida. Alawus ɗin masu zama a Landan ya fi na sauran garuruwa saboda tsadar haya. Digirin MBA, wato na gudanar da kasuwanci, kaɗai aka sa wa iyakar kuɗin makaranta, abin da ya haura ɗalibi ne zai cika daga aljihunsa. Ba a biyan komai don mata ko miji ko 'ya'ya.

Sharuɗɗa

Dole mai nema ya riga ya kammala digirin farko da sakamakon da jami'ar Birtaniya za ta karɓa, galibi daidai da mataki na biyu na sama, wato 2:1. Sannan ya yi alkawarin komawa ƙasarsa ya zauna aƙalla shekara biyu bayan karatun.

Sharaɗin da ya fi kayar da mutane shi ne na aiki. Ana buƙatar awa 2,800, kwatankwacin shekara biyu: awa 35 a mako, mako 40 a shekara, sau biyu. Ana ƙirga cikakken aiki, da na wucin gadi, da na sa kai, da na koyon aiki ko da babu albashi, kuma ana iya haɗa su daga wurare daban-daban. Ƙa'idar yanzu ta ce sai aikin da aka yi bayan kammala digirin farko. Saboda haka ɗalibin da ke shekarar ƙarshe a jami'a bai isa nema ba tukuna. Wanda ke son wucewa kai tsaye sai ya duba wasu tallafin karatun irin su Rhodes a jami'ar Oxford ko Gates Cambridge, waɗanda ba su gindaya shekarun aiki ba. Manhajar cike fom ita ke lissafa awannin da kanta, kuma idan jimla ta gaza 2,800 ba wanda zai karanta sauran takardun.

Mai takardar zama ɗan Birtaniya ba ya nema, haka wanda ya taɓa karatu a can da kuɗin gwamnatin ƙasar, da ma'aikatan ofisoshin jakadancinta da iyalansu na kusa.

Yadda ake nema

Ana buɗe shafin nema a intanet cikin watan Agusta, a rufe tsakanin Oktoba da farkon Nuwamba, kuma ba a biyan ko sisi. Mai nema zai zaɓi kwas uku, kowanne na cikakken lokaci, na koyarwa a aji, mai tsawon wata 9 zuwa 12, mai farawa a Satumba ko Oktoba. Digirin bincike zalla da karatu daga nesa ba sa shiga.

Zuciyar fom ɗin ita ce gajerun maƙalu huɗu: kan jagoranci da tasiri, kan ƙulla hulɗa da mutane, kan dalilin zaɓar waɗannan kwasa-kwasai, da kan shirin aiki bayan dawowa. A nan ake rarrabe masu nema, domin kusan kowa ya zo da sakamako mai kyau. Masu tantancewa suna neman misali tsayayye: wace matsala ce ta taso, me mutum ya yi da kansa, me ya biyo baya. Lissafa muƙamai ba ya wadatarwa, kuma wanda ya cika rubutunsa da "mun yi" ya ɓoye nasa hannun a cikin aikin. Wani kuskuren shi ne zaɓar kwasa-kwasai da ba su da dangantaka, ɗaya a lafiyar al'umma, ɗaya a harkar banki, alamar mutum bai tsai da inda ya dosa ba. Ana bincika maƙalun da manhajar gano kwafe, kuma an haramta sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta su. Wanda aka kama an cire shi.

Wajen Fabrairu ake sanar da waɗanda suka tsallake. Za su kawo wasiƙun shaida daga mutum biyu da takardun digiri, su zauna ganawa da kwamiti a ofishin jakadancin Birtaniya a Maris ko Afrilu. Sakamako yana fitowa daga Yuni.

Gurbin jami'a

Neman Chevening daban, neman jami'a daban. Mai nema shi zai tura takardunsa ga kowace jami'a, ya samo wasiƙar ɗauka wadda babu sharaɗi a kanta daga aƙalla ɗaya kafin wa'adin watan Yuli. Chevening ta daina neman jarrabawar Turanci, amma jami'o'i da yawa suna nema, irin su IELTS, kuma muddin ba a kai sakamakon ba, wasiƙar mai sharaɗi ce. Akan rasa tallafin bayan an ci ganawa saboda wannan, ko saboda jinkirin fitar da takardar cikakken sakamako daga tsohuwar jami'a, don haka ya kamata a fara bin ta tun lokacin cike fom. Mazauna Najeriya kuma sai sun yi gwajin tarin fuka a asibitin da Birtaniya ta amince da shi kafin a ba su biza.