Ladabin Gaisuwa da Kiran Manya a Ofisoshin Arewacin Nijeriya

Ladabin ofis a Arewacin Nijeriya shi ne tsarin gaisuwa da kiran suna da ma'aikata ke bi a tsakaninsu, musamman idan ƙarami zai yi magana da na gaba da shi. Wani ɓangarensa daga fada aka gaje shi. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sun tafiyar da mulki ta hannun sarakuna a ƙarƙashin hukumar En'e, wato hukumar gargajiya, inda malaman ofis ke yi wa sarki da hakimai aiki, don haka kalmomin da ake fuskantar basarake da su suka bi ma'aikata har kan teburinsu. An rushe En'e a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma "ranka ya daɗe" da "Allah ya taimake ka" suna nan a bakin masinja da akawu, har da darakta idan ya shiga wurin kwamishina.

Ba a kiran sunan babba gatsau. Ana cewa Malam, kalmar da ta fito daga Larabci, ko Alhaji, ko Hajiya, ko Yallaɓai, ko kuma a kira mutum da matsayinsa, kamar Injiniya da Farfesa. Oga kuwa aro ce daga Yarbanci.

Gaisuwa ita ce ƙofar buƙata. Mai shiga ofis yakan yi sallama, ya jira a amsa, ya tambayi kwana da gajiya da iyali da aiki, a ce masa "aiki da godiya", sannan ya ce "dama na zo ne", ya faɗi abin da ya kawo shi. Wanda ya tsallake wannan ya ajiye fayil kai tsaye ana ɗaukarsa marar tarbiyya, ko da takardunsa sun cika. Babba ne ke fara miƙa hannu, ƙarami ya karɓa da hannu biyu yana ɗan rusunawa, kuma da hannun dama ake miƙa takarda. Tsakanin namiji da mace, da yawa sukan tsaya ga gaisuwar baki.

Inda wannan ladabi ya fi nauyi shi ne wajen gyara. Ƙarami ba ya ce wa shugaba "ba haka ba ne" a gaban jama'a. Yakan jira a watse ya same shi a keɓe, ko ya bi ta wani dattijon ma'aikaci. Hakan yana kare mutuncin kowa, sai dai abin damuwa ne idan taro ya zartar da kuskure alhali wanda ya gan shi yana zaune a wurin, yana jiran a tashi.