Kare gida da bindiga a Damagaram

Kare gida da bindiga shi ne magidanci ya ɗauki makamin wuta don tunkuɗe wanda ya haura masa gida da niyyar sata, fashi ko taɓa iyalinsa. A Damagaram, kamar sauran jihohin Nijar, abubuwa uku ne ke hukunta wannan al'amari: dokar ƙasa game da mallakar makamai, dokar laifuka game da kare kai, da fiƙihun Malikiyya wanda akasarin jama'a ke bi. Dukansu sun yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, amma kowannensu ya ɗaure wannan izini da sharuɗɗa masu tsauri. A aikace kuma, gidajen da ke da bindiga ta halal a birnin Zinder kaɗan ne ƙwarai.

Tarihi

Damagaram ba baƙuwar bindiga ba ce. A ƙarni na 19 masarautar ta yi suna a duk ƙasar Hausa da Barno saboda ƙarfin wutarta. Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara dubban bindigogi ta hanyar fataken da ke ƙetare Sahara daga Tarabulus, ya kuma sa maƙera suna zuba igwa da haɗa albarushi a cikin gari. Sai dai waɗannan makamai na sarki ne, bayinsa da dakarunsa ke riƙe su. Talaka da ɓarawo ya haura wa katanga yana dogara ne da gora, takobi, mashi, kwari da baka, sai kuma ihun da zai tada maƙwabta. Dogarai ne ke kama ɓarawo, alƙali ya yanke masa hukunci.

Zuwan Turawa ya ƙara nesanta bindiga daga hannun talaka. Yarjejeniyar Burussal ta 1890 ta hana sayar wa mutanen wani babban yanki na Afirka bindigogin zamani. Bayan Faransawa sun ci Damagaram a yaƙin Tirmini a 1899, mallakar bindiga ta koma sai da takardar izinin kwamandan. Abin da ya rage a hannun jama'a shi ne bindigar maƙera, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin wadda maharba ke farauta da ita, ƴan bindigar fada kuma ke bugawa ranar hawan Salla.

Dokar mallaka

A Nijar riƙe bindiga ba haƙƙi ba ne da aka haifi ɗan ƙasa da shi. Alfarma ce da hukuma ke bayarwa, tana kuma iya janye ta. Tushen tsarin wata doka ce ta 1963, kuma ma'aikatar cikin gida ce ke da ikon ba da izini. Makaman yaƙi irin su kalashi an haramta su ga farar hula gaba ɗaya. Wanda aka kama da bindiga ba takarda ya aikata laifi, ko da bai taɓa harba ta ba.

A 1994, lokacin tawayen arewa, gwamnati ta kafa hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙone tarin bindigogi a Agadas a bikin wutar zaman lafiya. Nijar ta kuma amince da yarjejeniyar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kan ƙananan makamai da aka sa wa hannu a Abuja a 2006. Wannan yarjejeniya ta shimfiɗa sharuɗɗan ba farar hula lasisi: ya kai shekarun da doka ta gindaya, ba shi da tabon laifi, yana da dalili karɓaɓɓe, ya koyi sarrafa makamin, kuma zai adana shi a wuri mai tsaro, harsashi dabam, bindiga dabam. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, amma dokokinta na cikin gida suna nan.

Ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey na 2017 ya nuna kusan bindigogi 117,000 a hannun farar hula a Nijar, wato ƙasa da ɗaya ga kowane mutum 100. A Amurka kuwa ƙiyasin ya kai miliyan 393, sun fi mutanen ƙasar yawa. Rushewar gwamnatin Libiya a 2011 da rikicin ƴan bindiga a arewacin Najeriya sun ƙara yawan makaman da ke ratsa ƙasar a ɓoye.

Kare kai a dokar laifuka

Dokar laifukan Nijar ta 1961, wadda aka yi wa gyare-gyare daga baya, ta gaji tsarin Faransa. Babu laifi a kan wanda ya yi rauni ko kisa idan larurar kare kansa ko kare wani ce ta tilasta masa a daidai wannan lokaci. Alƙalai na duba ko harin na zalunci ne, ko yana gudana ne lokacin da aka mai da martani, da kuma ko martanin ya yi daidai da girman haɗarin.

Akwai yanayi biyu da doka ta fi sassauta wa mai gida: tunkuɗe wanda ke haura katanga ko fasa ƙofar gidan da mutane ke ciki da dare, da kare kai daga masu sata ko wawaso da ƙarfi. Maganar dare tana da nauyi a nan, domin cikin duhu mutum ba ya iya tantance ko mai shigowar akuya ya zo kwancewa ko rai ya zo ɗauka. Duk da haka sassaucin yana da iyaka. Ɓarawon da ya riga ya dira waje yana gudu ba ya barazana ga kowa, harbinsa a baya ramuwa ce. Haka ma wanda aka riga aka kama aka ɗaure. Wannan ya shafi dukan taron dangi da ake yi wa ɓarawo a unguwanni: da zarar ya faɗa hannu, abin da ya biyo baya ya fita daga babin kare kai.

Matsayin fiƙihu

Malaman zaure a unguwannin Birni da Zango suna karantar da wannan mas'ala a babin tunkuɗe mai kawo hari. Asalinta hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada. A Muhtasar na Halil, littafin da alƙalan Malikiyya suka daɗe suna dogaro da shi, an halatta tunkuɗe mai hari ko da dukiya kawai yake nema, amma bayan an gargaɗe shi in mai fahimtar magana ne. Ba a nufin kashe shi sai an tabbata ba abin da zai tsai da shi sai hakan. Ma'ana ana bin mataki mataki: wanda tsawa za ta kora ba a dukansa, wanda sanda za ta kora ba a zare masa takobi.

Bindiga ba ta da daɗin shiga wannan tsari, domin ba ta da mataki na tsakiya. Da an taɓa kunama an tsallake daga gargaɗi zuwa matakin ƙarshe, kuma harsashi ba ya dawowa. Akwai ma hadisin da ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, don kada hannu ya kufce.

Tsarin gida da haɗarin kuskure

Yawancin muhawarar da ake ji a intanet kan wannan batu daga Amurka ta taso, inda kotun ƙoli ta yanke a 2008, a shari'ar Heller, cewa tsarin mulki ya ba mutum damar ajiye ƙaramar bindiga a gida don kare kai. Amma gidan da ake magana a kansa a can gida ne na mutum biyu zuwa huɗu, mai ƙofa a kulle, inda duk motsin da aka ji da tsakar dare na baƙo ne.

Gidan Bahaushe a Damagaram ba haka yake ba. Daga zaure zuwa tsakar gida ana iya samun magidanci da matansa, ƴaƴa, ƙanne, surukai, ƴan haya da baƙon da ya zo daga ƙauye cin kasuwar Dole. Almajirai na kwana a zaure. Saurayin gida kan dawo daga fada, wato majalisar hirar matasa, ƙarfe 1 na dare, ya iske an sa sakata, ya haura katanga don kada ya tada tsoho. Da bazara, lokacin da ɗaki ba ya shiguwa, kowa na shimfiɗa tabarma a fili, ga shi wuta na yawan ɗaukewa. A irin wannan gida inuwar da ta gilma kusa da randa ta fi yiwuwa ta ɗan gida ce. Harsashin da ya kuskure kuma ba ya tsayawa a ƙofar langa-langa ko zana, ga gidaje a manne da juna, lungu bai fi faɗin amalanke ba.

Irin wannan kuskure ya faru ko a ƙasashen da aka saba da bindiga. A 2013 ɗan tseren Afirka ta Kudu Oscar Pistorius ya harbe budurwarsa ta bayan ƙofar banɗaki, ya ce ya ɗauka ɓarawo ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta same shi da laifin kisa a 2015. Wani bincike da likita Arthur Kellermann ya jagoranta, wanda aka buga a 1993, ya gano cewa a yankunan Amurka uku da aka duba, gidan da ke da bindiga ya ninka wanda ba shi da ita kusan sau 2.7 wajen haɗarin a kashe wani a cikinsa, kuma galibi ɗan gida ko sananne ne ke kisan. Masu goyon bayan bindiga sun soki binciken, suna kafa hujja da ƙiyasin masu bincike Kleck da Gertz na 1995 cewa ana kare kai da bindiga sau miliyan 2.5 a shekara a Amurka. Alƙaluman gwamnatin Amurka kuwa sun tsaya wajen 100,000 ko ƙasa da haka. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ta isa ta nuna yadda abin ke da wuyar aunawa.

Akwai kuma matsalar ajiya. Bindigar da aka kulle, aka raba ta da harsashi yadda ƙa'ida ta ce, ba ta kusa lokacin da ake buƙatarta. Wadda aka cusa ƙarƙashin katifa kuwa tana kusa da yara, tana kusa da mai fushi, kuma ita kanta kaya ce da ɓarayi ke nema.

Abin da jama'a ke dogaro da shi

Satar da aka fi kuka da ita a Zinder ta babur ce, da salula, da dabbobi, musamman gab da babbar Salla. Ƙungiyoyin matasan da ake kira ƴan pale, waɗanda suka yi ƙaurin suna a unguwanni irin su Kara-Kara, an fi saninsu da wuƙa, adda da gora. Matakan da magidanta ke ɗauka sun dace da hakan: ƙara tsawon katanga, dasa fasassun kwalabe ko waya mai ƙaya a kanta, ƙofar ƙarfe, fitila mai aiki da hasken rana, kare, da mai gadin da ƴan layi ke haɗa kuɗi su biya. Matasan da ke shan shayi a fada har tsakar dare su ma ido ne ga unguwa, ko da ba wanda ya naɗa su. Lambar kiran ƴan sanda a Nijar ita ce 17.

Bayan harbi

Idan aka yi harbi a gida, ƴan sanda ko jandarma ne ke buɗe bincike, su miƙa wa mai gabatar da ƙara. Tambayoyi biyu ake yi, kowace da hukuncinta: ko harbin kare kai ne, da ko bindigar tana da takarda. Mutum na iya kuɓuta daga ta farko ya faɗa a ta biyu. Mai unguwa da fadar Sultan suna da hurumin sasanta rigingimun gado, gona da bashi, amma shari'ar rauni da kisa ta kotu ce, ko da dangin ɓangarorin biyu sun yafe wa juna.