Miji ɗan caca a Legas: ta wace ƙofa mace za ta nemi rabuwa?

Wata ƙanwata a Agege ta dawo daga suna ta tarar babu keken ɗinkinta. Maigidan ya sayar, ya zuba kuɗin a cacar wasan ƙwallon Ingila, ya ce wasa ɗaya ne ya hana shi ci. Abin da ta ce mini kawai: "Yaya, ni dai takardata nake so." Na tambaye ta a ina aka ɗaura auren, domin amsar tana can.

Galibin aurenmu a masallaci ko a ƙofar gida ake ɗaura shi, da waliyyi da sadaki da shaidu. Shari'ar Musulunci ce ke hukunta irin wannan, kuma a mazhabar Malikiyya mace tana da hanya biyu idan miji ya ƙi saki. Akwai khul'i, wato ta fanshi kanta, yawanci da mayar da sadaki. Akwai kuma raba aure saboda cutarwa ko rashin ciyarwa. Nan ne mata da yawa ke yin asara: a gaji, a ce "biya shi ki huta", alhali idan ta tabbatar ba ya kawo cefane, ba ya biyan haya, yana ɗaukar kayanta yana sayarwa, ana iya raba su ba tare da ta mayar da ko sisi ba. A kan ciyarwa akan ɗibar masa lokaci ya gyara, in ya kasa a sake ta a madadinsa. Ni a ganina, wanda ya cinye keken ɗinki bai cancanci a ƙara masa da sadaki ba.

Matsalar ita ce gwamnatin Legas ba ta da kotun Shari'a irin ta Kano ko Zariya. Shi ya sa ake fara zama gaban waliyyai, sai limamin unguwa, sai fadar Sarkin Hausawa a Agege ko Idi-Araba. Malaman Malikiyya sun yarda cewa inda babu alƙali, jama'ar Musulmi adilai suna tsayawa a matsayinsa. Sai dai ba su da ɗan sandan da zai kamo mijin da ya ƙi zuwa. In ya turje, wasu kan koma Arewa su shigar da ƙara. Duk yadda aka ƙare, a karɓi hukuncin a rubuce da sa hannun shaidu.

Wanda ya yi auren rajista, kamar na ofishin Ikoyi, nasa daban ne. Dokar shari'o'in aure ta 1970 ce ke aiki, kuma Babbar Kotu kaɗai ke warware shi. Dalili ɗaya dokar ta sani: aure ya lalace ba ya gyaruwa. Ba ta ambaci caca da sunanta ba, ga shi kuma cacar da ke da lasisi ba laifi ba ce a Legas. Don haka lauya yakan bi ta sashe na 15(2)(c), ya nuna halin mijin ya kai yadda ba za a sa ran ta ci gaba da zama da shi ba. Auren da bai cika shekara 2 ba sai da izinin kotu, kuma hukuncin farko yakan ɗauki wata 3 kafin ya tabbata. Namijin da matarsa ce ke cacar ma wannan hanyar zai bi.

Ko gaban liman ko gaban mai shari'a, "ɗan caca ne" kawai ba ya wadatarwa, ɓarnar ake son gani. Ki adana saƙonnin banki, da na masu ba da bashi ta waya da ke kiran danginki, da takardar tashi daga mai gida. Ƙanwar tawa rasit ɗin keken ta kai, da maƙwabciyar da ta ga ana ɗora shi a kan Keke Marwa, wato adaidaita sahu.