Guguwar rana da taurarin ɗan'adam: tambayoyi huɗu

Wani mai ɗaura dish a Sakkwato ne ya tare ni da waɗannan tambayoyi, bayan ya ji a rediyo cewa guguwar rana na tafe.

Zafin da muke sha a Afrilu ake nufi?

A'a. Zafinmu da hazon hunturu duk a nan ƙasa suke. Ana nufin aman da rana kan yi jefi-jefi: ta watso haske mai tsanani, ko ta feso tarin ƙwayoyi masu caji. Takan lafa, ta harzuƙa, a zagaye na kusan shekara 11. Wanda muke ciki ya fara a Disamba 2019.

Me take yi wa tauraron ɗan'adam?

Ƙwayoyin kan rikita kwamfutarsa, su rage ƙarfin solarsa. Guguwar kuma kan dumama iskar can sama ta kumbura, sai tauraron da ke ƙasa-ƙasa ya ji kamar ana riƙe masa riga. A Fabrairu 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin intanet na Starlink 49, kusan 40 suka rikito suka ƙone. Guguwar ma ƙarama ce.

Ana iya hango ta?

Nan gizo ke saƙa. Hasken minti 8 yake yi ya iso, ganinsa shi ne isowarsa. Ƙwayoyin kan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya, shi ya sa cibiyar NOAA, hukumar kula da yanayi ta Amurka, kan samu damar yin gargaɗi, da ma'auni daga G1 (mafi rauni) zuwa G5 (mafi ƙarfi). Amma ba a sanin ainihin ƙarfin guguwar sai ta ratsa na'urorin da aka girke kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Daga nan saura minti 15 zuwa awa guda. Cikin wannan ɗan lokacin ne injiniyoyi ke kashe sassa masu rauni.

To mu ina ruwanmu?

Da ruwanmu, Malam. Najeriya na da nata tauraron, NigComSat-1R, tun 2011. Abin da ya fi damuna kuwa, muna kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, inda iskar sama kan hargitse bayan magariba ko babu guguwa, sai siginar GPS ta riƙa rawa. Mai awon filaye da matuƙin jirgin sama duk da ita suke aiki. Ina fatan ganin ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da yawa suna auna samaniyarmu kowane dare.